Murhun gas mai harshen wuta ko mai jan faranti: wanne za ka saya?

Gwaggona tana sayar da abinci a Kawo, nan Kaduna, ba nisa da tasha, kuma tun da gawayi ya fara gagarar mutane ta koma gas. Kwanakin baya ta kira ni da sassafe. "Kai ɗan nan, wani yaro ya kawo min talla. Murhu ne mai faranti a tsakiya, ba ya harshen wuta, ja kawai yake yi jawur kamar garwashi. Wai yana rage shan gas da rabi. In saya?" Na ce, "Gwaggo, me za ki ɗora a kai?" Ta ce, "Ji min yaro. Me nake ɗorawa in ba tuwo da shinkafa da miya ba?" Na ce to ta riƙe kuɗinta tukuna, ina nan tafe da yamma.

Cikin makon kuma sai ga wani abokina mai kiwon kaji a Mando da irin wannan tambaya, haka ma mai gasa kaji na bakin layinmu. Murhu iri ɗaya ne, amma amsar da na ba kowa daban take.

Bari mu fara kawar da zancen rabin nan. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da zafi kimanin megajul 46 (megajul ma'aunin yawan zafi ne), kuma babu murhun da zai ƙara masa ko ɗigo. Murhun gida mai lafiya, mai shuɗin harshe, ya riga ya ƙone kusan duk gas ɗin da aka ba shi. Asarar tana wajen kai zafin cikin tukunya ne: wajen rabi ke shiga, saura ya bi gefen tukunya ya gasa fuskar mai girki. To in rabi na shiga tun asali, kafin wani murhu ya rage shan gas da rabi sai ya zuba zafin gaba ɗaya cikin tukunya ba tare da ko tiriri ya tsira ba. Ba a yi wannan murhun ba. In har wani ya ga ragin da ya kai haka, tsohon murhunsa ne ke da ciwo.

Abin da ya raba murhunan biyu shi ne yadda suke haɗa gas da iska, da kuma inda wutar take zama.

Mai dama kunu ta san akwai mai kauri, akwai wanda ya yi daidai, akwai tsinkakke. Haka haɗin gas da iska yake, kuma duk bakaniken da ya taɓa saita kafireton janareta ya san wannan ko da bai san lissafinsa ba. Gas ɗin da ke cikin tukwanenmu gamin furofen ne da butan. Mudu ɗaya na furofen yana buƙatar iska wajen mudu 24 kafin ya ƙone sarai, butan kuwa wajen 31. Mitan, wato gas ɗin da ake turowa ta bututu, mudu 9 da rabi ya ishe shi. In iska ta gaza haka, haɗin ya yi kauri: harshe ya yi rawaya, gindin tukunya ya yi baƙi, gubar kabon monoksayid ta ƙaru. In iska ta zarce haka, haɗin ya tsinke. Akwai kuma iyaka ta kowane ɓangare. Furofen ba ya kamawa in bai kai kashi 2 cikin 100 na haɗin ba, ba ya kuma kamawa in ya wuce kashi 9 da rabi. Na mitan daga kashi 5 ne zuwa 15.

Injiniyoyi suna son tsinkakken haɗi, kuma da dalili. Iska ta wadata, saboda haka gas yana ƙonewa tas, babu baƙi. Sannan wutar ba ta kai zafin ta daidaitaccen haɗi ba, wadda ke kusantar digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas. Wannan sassaucin yana da amfani, domin da zarar wuta ta haura wajen digiri 1,500 naitirojin na iska yakan soma haɗuwa da oksijin ya ba da wani gurɓataccen hayaƙi mai taɓa huhu. Matsalar tsinkakken haɗi ɗaya ce: wutarsa raguwa ce.

Harshen wutar da kake gani a kan murhu ba a tsaye yake ba. Gudu yake yi ƙasa yana cin haɗin da ke tahowa, haɗin kuma yana tura shi sama, kamar mai kwalekwale a Kogin Kaduna da ya fuskanci ruwa: in tuƙinsa ya yi daidai da gudun ruwan sai ka gan shi wuri ɗaya. Iyakar gudun wannan wuta a haɗi mai kyau wajen santimita 40 ne a daƙiƙa. Kana ƙara iska gudun na raguwa, har ya kai inda ruwa ya fi ƙarfin matuƙi: harshen ya ɗaga daga kan murhu, ya yi rawa, ya mutu, gas ya ci gaba da zuba. Shi ya sa murhun da muka saba da shi, wanda jikan fitilar nan ce da Robert Bunsen ya fito da ita a Jamus a 1855, ba ya yarda ya tsinka haɗinsa. Gas na fitowa ta ɗan ƙaramin rami da ake kira jet, ya ja wajen rabin iskar da yake buƙata ta maƙogwaron murhu, ragowar kuma harshen ya samo ta daga sarari. Tsari ne mai haƙuri. Kana iya rage shi ya zama kamar fitila, kana iya buɗe shi har ya yi gurnani.

Masu murhu mai ƙofofi wata dabara suka ɓullo da ita. Maimakon a bar wuta a fili, sai a sa ta ci a cikin wani abu mai huji-huji kamar soso, wanda ba ya narkewa. Wutar ta gasa soson, soson ya mayar da wani kaso na zafin baya, ta jikinsa da kuma ta huci irin na garwashi, ya ɗumama haɗin da ke tahowa tun bai iso ba. Haɗin da ya iso da ɗumi yakan ci da sauri, saboda haka ko ya tsinke sosai wutar ba ta mutuwa, har takan ci a ƙasa da iyakar da na ambata ɗazu. Ba wani sabon zafi aka ƙirƙiro ba. Jari ne ake juyawa: a ranto daga gaba a kai baya, ya sake dawowa. Felix Weinberg na Kwalejin Imperial da ke Landan ne ya baza wannan tunani a 1971, sannan Takeno da Sato a Japan suka nuna a 1979 yadda za a cim masa ta hanyar cusa abu mai ƙofofi cikin wutar.

Sai dai wutar da ke cikin soso tana da taurin kai irin nata. Takan yi rarrafe a hankali, gaba ko baya, gwargwadon yawan gas da iska. Takan karkace, gefe ɗaya ya yi ja gefe ɗaya ya yi duhu, ko ta tattare wuri guda ta yi zafin da zai fasa soson. Maganin da aka samo, wanda masu bincike a Jami'ar Erlangen ta Jamus suka inganta a shekarun 1990, shi ne a yi soson hawa biyu. Na ƙasa ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, wuta ba ta iya ratsa su, domin bangon ƙofar yana shanye zafinta ta mutu. Wannan ita ce hikimar ragar da Humphry Davy ya lulluɓe fitilar masu haƙar kwal da ita a Ingila a 1815. Na sama ƙofofinsa manya ne, nan wutar ke zama. Sai ta maƙale a kan iyakar hawa biyun, ba gaba ba baya. Ana yin soson da tangaran mai jure zafi, irin su silikon kabayid, ko alumina, ko zakoniya. A Indiya ma, a cibiyar fasaha ta IIT Guwahati, an shafe shekaru ana gwada irinsa a murhun girki.

To a nan ne ake ruɗa masu saye. Abin da aka kai wa Gwaggo, wanda kuma za ka tarar a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko shagunan Ahmadu Bello Way da sunan infarared, ba wancan soso mai kauri ba ne. Ɗan'uwansa ne na nesa, kuma ya girme shi: Günther Schwank ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1930. Siririn farantin tangaran ne, kaurinsa bai fi na ɗan yatsa ba, an huhhuje shi kamar saƙar zuma, kowace ƙofa milimita ɗaya da 'yan kai. Gas yana jan dukkan iskar da yake buƙata tun daga maƙogwaro, da ɗan ƙari kaɗan, wutar kuma ta zauna a bakin ƙofofin, gajeriya ƙwarai, ta gasa fuskar farantin zuwa digiri 800 ko 900. Haɗinsa tsinkakke ne, amma kaɗan. Wanda ke cin haɗi mai tsananin tsinkewa galibi sai da fanka mai tura iska, kuma kowa ya san abin da dogaro da wutar lantarki ke nufi ga mai sana'a a garin nan.

Saboda haka zaɓin da ke gabanmu a Kaduna tsakanin harshen wuta ne da jan faranti. Na farko yana ba da zafinsa ta iska mai zafi da ke lasar abu. Na biyu yana jefa kaso mai tsoka na zafinsa ta huci, irin wanda ke dukan fuskarka in ka zauna gaban garwashi, ko da iska na kaɗawa ɗaya gefen.

Ga mai gashi wannan huci shi ne komai. Abin da ke gasa tsire a kan gawayi ba harshen wuta ba ne, hucin garwashi ne, kuma farantin tangaran garwashi ne da ba ya toka, ba ya buƙatar fifita. In ka ɗora nama a kan harshen gas kai tsaye, bayansa ya ƙone cikinsa na ɗanye. Shi ya sa injin shawarma da na gasa kaji duk faranti ne a jikinsu. Amma ka lura da inda ake sa shi: a tsaye ta baya, ko a sama yana kallon ƙasa. Ba a shimfiɗa shi ƙarƙashin nama, domin kitse na ɗiga a kai zai toshe ƙofofin, ya yi hayaƙi, ya kama da wuta. Abin da na gaya wa mai kajin layinmu ke nan: ya sayi mai faranti a baya, da tire a ƙasa mai tare mai. Na kuma gaya masa gaskiya, ƙamshin hayaƙin nan da masu cin tsire ke bi ba zai same shi a gas ba. Wasu kwastomomin za su lura.

Ga mai kiwon kaji ma farantin ne ya yi nasara. 'Yan tsaki suna son zafin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa da wajen digiri 3 kowane mako. Harshen wuta iska yake ɗumamawa, iska mai zafi kuma sama take tafiya wajen kwano, ta bar tsaki a ƙasa cikin sanyin hunturu. Farantin da aka rataye yana kallon ƙasa yana ɗumama shimfiɗa da jikin tsakin kai tsaye. Kada dai a toshe ɗakin ruf saboda sanyi. Farantin da ke ci daidai gubarsa kaɗan ce, amma iskar ɗakin yake sha, kuma in ta ragu ko ƙura ta toshe maƙogwaronsa sai haɗin ya yi kauri. Kabon monoksayid ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kama jini fiye da oksijin sau sama da 200. Yaron da ke kwana a ɗakin kaji don gadi shi ne abin ji.

Yanzu ga tukunyar Gwaggo, inda lissafin ya juye.

Da farko ƙarfi. Farantin tangaran yana da iyakar gas ɗin da zai iya ci gwargwadon faɗinsa. Na murhun gida bai wuce kilowat 3 da 'yan kai ba. In ka matsa masa, wutar ta ɗaga daga ƙofofin ta koma shuɗin harshe, farantin ya dushe, ka koma gidan jiya. Babban kan murhu na ƙarfen zubi, irin na masu abincin sayarwa, yana ninka wannan sau da yawa, kuma mai tafasa ruwan tuwon mutum hamsin kafin azahar ƙarfi take nema. Ta ɗaya gefen ma haka: miya tana son a rage mata wuta ta yi ta ɓararraka a hankali, faranti kuwa ba ya son a rage shi da yawa. Tazarar da ke tsakanin ƙaramar wutarsa da babba ƙunci gare ta.

Sai ita tukunyar. Huci yana son baƙin gindi mai faɗi. Sabuwar tukunyar alminiyam mai ƙyalli tana mayar da mafi yawan hucin kamar madubi, ya koma kan farantin ya ƙara masa zafin da bai nema ba. Tukunyar tuwo mai zagayayyen gindi, irin wadda ake zubawa a Panteka, kasuwar maƙeran Kaduna, tsakiyarta kaɗai ke kusa da farantin, alhali harshen wuta yana bin cikinta ya rungume ta har gefe. In kaskon suya ne mai faɗi, ko tandar waina, ko kaskon gurasa, to nan faranti yana da abin cewa, domin zafinsa shimfiɗe yake bai ɗaya, ba ya ƙona tsakiya ya bar gefe.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Tangaran mai digiri 900 ba ya shiri da ruwa. Shinkafa ta tafaso ta zubo, ko miya ta fantsamo, sai ka ji ƙas. Tsaguwa kuwa ba lalacewar ado ba ce kawai. Ƙanƙantar ƙofofin nan ita ce ke hana wuta komawa ciki, domin wutar gas ba ta ratsa ramin da bai kai wajen milimita 2 ba. Tsaguwa ƙofa ce babba. Wutar sai ta bi ta ciki ta koma tana ci a bayan farantin, ka ji "fuf" sannan wani gurnani a maƙogwaron murhu, jikinsa ya ɗau zafi. Duk wanda ya ji haka ya kashe nan take, daga kan tukunyar gas ɗin, kada kuma ya sake kunnawa sai an canza faranti. Ba a liƙe shi, ba a yi masa walda. Kan murhun ƙarfe kuwa miya ta zubo masa sau ɗari, a sa tsinke a buɗe ƙofofin, a goge, ya ci gaba. In ya karye ma, Panteka na nan.

Ƙurar hunturu takan taɓa duka biyun, amma ta fi cutar faranti, tunda duk iskarsa ta maƙogwaro ɗaya take bi. Alamar lafiyarsa ita ce ya yi ja bai ɗaya cikin minti ɗaya ko biyu. In ka ga tabo-tabo masu duhu, ƙofofi sun toshe. In ka ga harshe na lilo a samansa, ko iska ta gaza ko matsin gas ya yi yawa. Ana share shi da busasshen buroshi mai laushi bayan ya huce, ba da ruwa ba. Wajen iska mai kaɗawa dai ya ɗan fi harshen wuta juriya, saboda wutarsa a laɓe take cikin ƙofofi, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai shayi a bakin titi.

Akwai kuma zancen regileta, wanda nake ganin ya fi kashe farantai fiye da miya. Yawancin murhunan gida an yi su ne don ƙaramin matsi, wajen miliba 28 zuwa 37. Wasu sukan ɗauko regileta mai babban matsi ta murhun sana'a su haɗa, wai don wuta ta yi ƙarfi, wasu masu gyara kuma su faɗaɗa ramin jet da allura. Harshen wuta yakan jure wannan cin zali, ya yi rawaya kawai ya sha gas. Faranti ba ya jurewa, domin an auna jet ɗinsa da maƙogwaronsa ne daidai wa daida. Ko gas aka sauya sai an sauya jet. In bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya fara ba masana'antun Kakuri mitan, kayan ƙonawarsu sai an sake musu saiti. A irin waɗannan wurare, da kuma gonakin da ke tara gas daga kashin dabbobi, wanda rauni gare shi saboda yawan kabon dayoksayid a cikinsa, nan ne soson nan mai hawa biyu zai yi rana. Ba a rumfar Gwaggo ba tukuna.

Wanda yake son gani da idonsa, gwajin ba wuya. Ka nemi ƙaramar tukunyar gas ta kilo 3 da sikelin dijital mai nuna giram. Zuba ruwa lita 10 a tukunyar da kake aiki da ita kullum, rufe da murfi, auna gas kafin kunnawa da bayan tafasa. Ruwa a Kaduna yana tafasa ne a wajen digiri 98 saboda tudun garin, kuma in ya taso daga digiri 25, zafin da ya sha daidai yake da na gas giram 67. In murhunka ya ci giram 135, rabi ya kai ke nan. Sake yi da ɗaya murhun, tukunya ɗaya, wuri ɗaya, ka kuma duba agogo, domin murhun da ya rage maka giram 10 ya ƙara maka minti 20 bai taimaki mai sayar da abinci ba. Mai tallan da ya yarda da kayansa ba zai ƙi wannan gwaji ba.

Da na isa Kawo da yamma na tarar da murhun Gwaggo yana rawayan harshe, gindin tukwane baƙi ƙirin. Muka kwance kan, muka fitar da ƙura da yanar gizo-gizo daga maƙogwaron, muka buɗe marfin iskar a hankali har harshen ya koma shuɗi, muka tsaya daidai inda ya fara neman ɗagawa, muka ɗan mayar. Ƙafafun murhun sun yi tsawo, tukunya na can sama wuta na can ƙasa, sai na ce gobe a kai wa mai walda ya rage. Na kuma sa aka yanko falle na kwano aka kewaye murhun don tare iska, aka bar sarari a ƙasa, tukunyar gas ɗin kuma tana waje can nesa da zafi. Ban yarda a yi wannan kewayen ga ƙaramin murhun da ake ɗaurawa a kan tukunyar gas ba, domin zai gasa ita tukunyar.

Tana kallon shuɗin harshen ta ce, "To yaron nan in ya dawo gobe me zan ce masa?"

Na ce, "Ki turo shi layinmu, Gwaggo. Mai kaji na jiransa."